Karatun Gabas

Har yau in na tuna ranar da 'yata Zarah ta gabatar da aikinta a jami'arsu da ke unguwar Aldwych a nan Turai, sai raina ya ɓaci. Ni na lallaɓo Baba daga unguwar Tottenham, da ciwon gwiwarsa da sandarsa, don ya ga jikarsa tana jawabi. Har sabuwar hula ya sa.

Ta fara da kyau. Ta haska taswirar Turai bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashen Yamma na NATO shuɗi, na Gabas na ƙawancen Warsaw ja, an tsaga Jamus biyu kamar goro. Baba yana ta gyaɗa kai, don a Bulgeriya ya yi karatun likita tun zamanin kwaminis, cikin jan nan tsundum.

Can sai yarinyar nan ta nuna shi da hannu. Ta ce da gwamnati ta ba kakanta gurbin karatu, uwarsa ta ji an ce Gabas za shi. A wurin Bahaushe kuwa tafiya gabas ita ce zuwa Barno neman karatun Alƙur'ani. Wai tsohuwa har allo ta ɗaure masa cikin kaya, ba ta san wurin masu cewa babu Allah za shi ba. Ɗaki ya ɗauki dariya, har malaminsu yana share hawaye.

Na ji kunya, na ji haushi. Labarin da muke yi a tsakar gida da ƙauna, shi ta ɗauko ta shanya gaban baƙi don su tafa mata! Mutanen da ba su san inda Barno take ba, su ne suke yi wa kakata dariyar rashin sanin duniya. Baba ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Muna fitowa bakin titi na tare ta.

"Ke yanzu abin da kika yi daidai ne?"

"Mami, joke ne kawai. Kowa ya yi enjoying."

"Da uwar wani kike joke?"

Baba ya ɗaga mini hannu. Kullum da wasan jika yake kiranta amarya, amma ran nan sunanta ya kira.

"Zarah, a taswirarki wane launi kika ba Turkiyya?"

"Shuɗi, Kaka. Tana NATO."

"To ba gabas da Bulgeriya take ba? Ga ta a gabas, kin ce ta Yamma ce, ba wanda ya yi miki dariya. Manya ma inda ya yi musu suke aje gabas ɗinsu."

Motar hayar da muke jira ta zo ta wuce, ba wanda ya motsa.

"Inna ta san inda za ni sarai," in ji shi. "Rediyo ba ya barin gefen tabarmarta. Mahaifina ne ya rantse ɗansa ba zai taka ƙasar kwaminis ba. Da takarda ta zo, ita ta shiga ta ce masa, Malam, yaron nan gabas za shi karatu. Ya yi murna ya sa albarka. Allon don idonsa ta ɗaure shi. Kafin in dawo ya rasu. Ita kuwa har ta koma ga Allah tana istigfari a kan kalmar nan, ta kuma gwammace a ce ba ta sani ba da a ce ta yaudari mijinta. Shi ya sa na bar ku da labarin yadda kuka ji shi."

Ni kaina ban taɓa jin wannan ba, haushin da nake ji sai ya haɗa har da ni. Zarah ta sunkuyar da kai.

"Kaka, zan gaya musu. Zan yi correcting."

"Ki fara da sunanta," ya ce. "Tun ɗazu kike magana a kanta ba ki faɗa ba."

Zarah ta buɗe baki, ta rufe, ta juyo ta dube ni.

"Awawu," na ce mata. "Sunanta Awawu."