"To" Ɗin da Direba Bai Sani Ba

Shekara goma sha tara Direba yana jan motar Maigida, amma in aka tara duk maganar da Maigida ya yi masa, ba za ta cika shafi ɗaya ba. Mutumin ba ya ɓarnar baki. Kalma ɗaya ce jarinsa, "To", da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake faɗa.

Direba kuwa ya haddace ta kamar karatu. Akwai gajeriya, wadda ke nufin a tada mota. Akwai mai jan wutsiya, "Tooo", ta masu neman alfarma ce da ke tare su a bakin ƙofa, kuma ma'anarta ba za a yi ba har abada. In ta fito ta hanci, gudu ya yi yawa. In ta zo biyu a jere, surukai ne a waya, a rage rediyo. Akwai kuma wata mai sanyi ƙalau, har da murmushi, wadda ya ji sau ɗaya tak, ranar da aka kori mai wanki. Da wannan ilimi yake cin abinci, yana kuma taƙama da shi a gaban Maigadi, wanda har yau da ya ji "To" sai ya ruga ya buɗe ƙofa, ko da ba fita za a yi ba.

Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa. Ranar Talata da safe Direba yana ja da baya, ya goga motar a jikin tukunyar furanni. Zane ya fito fari fat a kan baƙin fenti, daga ƙofar baya har fitila. Ya tofa yawu ya murza, ya cire hula ya murza, zanen sai ƙara haske yake.

Yana cikin haka Maigida ya fito. Direba ya sandare, ko ƙofa bai buɗe masa ba, abin da bai taɓa yi ba. Maigida ya tsaya daidai wurin, ya kai hannu ya shafa jikin motar a hankali, ya ce, "To." Ya buɗe da kansa ya shiga.

Wannan ba ta cikin jerin. Ba gajeriya ba ce, ba doguwa ba, ba ta hanci ba. Direba ya kai shi ofis gumi na bin bayansa, yana tunanin wanda zai ɗauki tsoho mai furfura aikin tuƙi, ga yara huɗu a makaranta. Tsoro ya kama shi sosai.

Da rana ya dawo gida ya sami Kuku a kicin.

"Da murmushi ya faɗa?" in ji Kuku.

"Babu murmushi."

"Ka gode Allah."

"Amma ya shafa wurin."

Kuku ya ajiye wuƙa. "Ya shafa? Mai wanki ma sai da aka shafa rigar." Ya ƙara masa nama biyu a kwano, kamar mai ban kwana. Maigadi kuma ya leƙo ta taga yana tambaya ko in ta faru za a bar masa rigar ruwa.

Direba ya kira matarsa a waya. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Baban yara, ni shekara ashirin ina ce maka to, ka taɓa tambayata me nake nufi? Bakinka ciwo yake? Ka tambayi mutumin nan."

Da aka tashi daga ofis, Direba ya tsaya a jikin mota, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni na goge ta. Ba wani ba ne. In korata za a yi, a gaya min da baki, don wannan 'To' ta safe ban san ta ba."

"Ka goge me?"

"Motar. Inda ka shafa."

Direba ya fara karanta addu'a a zuci.

"Hannun ƙofa nake nema," in ji Maigida.

Sai kuma, kamar an cire toshiyar famfo, ya ci gaba. "Wata uku ke nan komai ya zama min hazo. Sakatare ke karanta min takardu, yana zaton isa ce. Kai ma da tarinka nake gane ka. Yarana ba su sani ba, kuma ba daga bakinka za su ji ba. Gobe ka kai ni wurin likitan ido. In mun zo matakala ka riƙe hannuna, amma ka yi kamar jaka kake karɓa."

Direba ya shirya wa zagi, ya shirya wa kora, wannan ce kawai bai shirya mata ba. Tausayi ya cika shi. Ya buɗe ƙofa, ya karɓi jakar da hannun hagu, ya riƙe gwiwar hannun Maigida da na dama har sai da ya zauna.