Ƙulli a Kan Gamba

"Wa ke wasa adda?"

Celina ta tsaya cak da cokali a hannu. Tun jiya Baba Ɗahiru bai ce uffan ba, kunun ma sai an tallafo masa kai yake haɗiya, amma ga shi kunnensa ya tsinto ƙarar ƙarfe a kan dutse daga bayan katanga.

"Yau Asabar ɗin tsafta ce, Baba," ta ce. "Kwata za su share."

"Da adda ake sharar kwata, Maman Judith?"

Saratu, 'yarsa da ta zo jinya daga Makera, ta sunkuyar da kai tana gyara masa mayafin da ba abin da ya same shi. Su biyun sun san abin da ake wasa addar dominsa, kuma sun yi shawara kada a gaya masa. Sai dai Celina ba ta iya ƙarya ba. Da ta yi, hancinta ke fara zufa. Ta sa bakin zani ta goge.

Shekarun da ake ta gine-gine a wajen Rido, wasu 'yan kwangila sun shigo bayan unguwar Television da katafila, suka kwashe ƙasar sama don cikon hanya, suka tafi abinsu. Suka bar fili jajir, ƙwal kamar kan da aka aske, ko ƙaya ba ta tsirowa. Da damina ruwa ya kwaso jar laka ya shigo gidajen mutane ba sallama. Ɗakin girkin Celina ma sai da ya zauna ƙasa. Baba Ɗahiru mai saƙar zana, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu, shi ne ya fara hawa tsohon kekensa yana shiga daji can gaba da Rido. Ya haƙo tushen gamba da shuci, ya ɗauro a kariya, ya zo ya dasa a jar ƙasar nan yana yi musu banruwa da gwangwani. Unguwa ta samu abin dariya. Mutum da hankalinsa ya bar masara ya shuka ciyawa! Har Celina ta taɓa leƙowa ta katanga ta tambaye shi ko miya ake yi da ita.

Damina bayan damina ciyawa ta kama ƙasa, ta yi tushe, ta fi ƙato tsawo. Laka ta daina shigowa gidaje. Makwarwa ta dawo tana kuka da safe. Masu dariya suka yi shiru, amma ba wanda ya je ya ce masa an gode. Dokarsa ɗaya ce: ba a sa wa gamba lauje sai ta zubar da iri. Rabin filin ta sama har yanzu ja ne, kuma irin bana yake jira iska ta kai can.

To ga ruwa ya ɗauke, gamba ta fitar da kai, fari sol, amma irin ɗanye ne, sai nan da 'yan makonni. Sai ciwo ya kwantar da tsoho. Sai kuma aka kashe kububuwa a makewayin Benson mai walda. A zamanin nan na soja ba a wasa da maganar tsafta. Duba-gari ya zo ya zagaya filin yana yatsine fuska, ya ce in Asabar ta wuce dajin nan na tsaye, mai shi zai gurfana a kotun tafi-da-gidanka. Sylvanus, mijin Celina, direban tankar mai ne kuma shi ne shugaban kwamitin unguwa. Ya tara maza ya ce, "Tsoho na kwance, mu zuba ido a zo a ɗauke shi a kan ciyawa? Mu yi masa gayya." Da zuciya ɗaya suka amsa. Benson har ya ce zai kawo galan na fetur a ƙone tushen, a huta gaba ɗaya. Abin da ya fi ci wa Celina rai ke nan: taimako suka fito yi, ta yaya za ka yi faɗa da mai taimako?

"Buɗe min tagar," in ji Baba.

Ta buɗe. Daga inda yake kwance ba ya hango komai sai sama, amma ƙarar ta shigo sarai. Fyat, fyat, fyat. An fara. Wani har yana ba da waƙar noma ana amsawa.

Tsohon ya rufe ido. Ta zaci zai yi faɗa, ko ya ce a kira masa Sylvanus. Sai ta ji ya ce, a hankali, "Bana ban ƙulla ba."

"Me ya ce?" in ji Saratu, wadda a birni ta tashi.

"Ban samu na ƙulla ba. Ba laifinsu ba ne. Ciyawar da ba ƙulli, ai ta kowa ce."

Celina ta gane. A ƙauyensu can wajen Zonkwa haka ake yi. In mutum ya ga ciyawar jinka a daji yana so ta nuna, sai ya kama kawunanta ya murɗe ya ƙulla. Duk wanda ya zo da lauje ya ga ƙulli, ya san tana da mai ita, sai ya ratse. Ba sarki ne ya kafa dokar ba, amma ba ta taɓa jin wanda ya karya ta ba. Kowace shekara tana ganin ƙulle-ƙullen Baba a bakin filin, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Bai roƙe ta ba. Da ya roƙa ma da ta samu bakin ba shi haƙuri. Ta miƙa wa Saratu kofin kunu, ta ɗaure zani tamau, ta fita ko takalmi babu.

Kafin ta isa sun ci kusan sulusin filin. Gamba na kwance jere-jere, warin ɗanyar ciyawa ya cika wurin. Sylvanus ne a gaba, riga a kafaɗa, yana sara da hagu, don bahago ne. Ta wuce ta gabansu ta shiga inda ciyawar ke tsaye, ta yi ɗage ta janyo kawuna cikin tafi, ta murɗe, ta ƙulla. Ta matsa gaba ta ƙulla wani. Kaifin ganyen ya tsaga mata yatsa, ƙaiƙayi ya zubo mata a wuya.

"Ke! Maman Judith! Kina so a sare miki ƙafa?" Muryar mijinta ce. "Fito daga nan!"

"Tana da mai ita," ta ce, ba ta waiwaya ba.

"Mai ita muke taimako! Kin fi mu son shi ne?"

"Kun tambaye shi?"

Waƙa ta mutu. Addunan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu 'yan ƙauye ne kafin birni ya sa musu wando mai kari, kuma kowa ya san abin da yake kallo. Benson ya matso har gaban ƙullin farko, ya ɗaga adda, ya sauke.

"Kai, Ciyaman," ya ce wa Sylvanus, "ni fa ba na saran ƙulli. A garinmu ko mahaukaci ba ya yi."

"Nan garinku ne? Nan Kaduna ne! In soja suka zo, ƙulli za ka nuna musu?"

Kamar kiransu ya yi. Wata tsohuwar Landiroba ta kunno kai ta kan layin, ta tsaya a bakin filin. Duba-gari ya sauko da farar rigarsa, bayansa wani kofur ɗin soja riƙe da bulala. Yaran da suka taru kallo suka watse. Idon Celina ya sauka kan bulalar. Da idonta ta taɓa ganin an sa mai goro, dattijo da furfura, tsallen kwaɗo a bakin kasuwa a kan ɓawon rake. Duk da haka hannunta bai saki ciyawar ba.

"Me ya tsayar da aiki?" in ji duba-gari.

Maza suka riƙa kallon addunansu kamar yau suka fara ganinsu.

"Ina mai filin?"

"Yana kwance, ranka ya daɗe," in ji Sylvanus. "Ba shi da lafiya. Yanzu za mu ƙarasa."

"Ni na tsayar," in ji Celina daga cikin ciyawa. Muryar ta fito siririya, ba yadda ta so ba. "Irin bai nuna ba, oga. A ba ta 'yan makonni. In aka kashe ta, laka za ta dawo mana gida."

"Macijin fa?" in ji duba-gari. "Ke za ki yi jinyar wanda ya sara?"

Ta tuna Judith ɗinta ma ta nan take bi zuwa makaranta. Ta ce, "A share bakin gidaje. A bar ta ciki."

Kofur bai jin Hausa sosai, amma ya gane mace ce ke jayayya. "Madam, comot for there!" ya daka mata tsawa da Turancin buroka ta fita daga wurin, yana nuna hanya da bulala. Da ya ga ba ta motsa ba, sai idonsa ya faɗa kan galan ɗin Benson. Ya ɗauka, ya kwance murfin, ya fara watsawa a kan ciyawar da aka sare, yana tahowa wajenta. Warin fetur ya daki hancinta. Ya laluba aljihu ya fito da ashana ya girgiza ta a saitin kunnensa.

"Oga, abeg, matata ce," in ji Sylvanus, hannuwansa biyu a sama. Ya juyo gare ta, idonsa ya yi ja. "Celina, don girman Allah ki fito. Ciyawa ce fa. Ciyawa!"

Rabon da ya kira sunanta a gaban mutane tun suna saurayi da budurwa. Ta so ta fito, Allah ya sani ta so. Amma tagar nan a buɗe take a bayanta, kuma ta san kunnen da ke bayan tagar. Ta janyo wasu kawunan ta murɗe. Ƙullin ya kwance, ta sake ƙullawa.

Kofur ya zaro tsinken ashana.

Sai salati ya tashi daga gidan Baba Ɗahiru. Muryar Saratu ce, ta fita da ƙarfi sannan ta karye.

Kowa ya tsaya yadda yake. Duba-gari ne ya fara magana. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai filin ne?"

"Shi ne," in ji Benson, ya cire hula.

Duba-gari ya dubi filin, ya dubi gidan, ya ɗora hannu a kan hannun kofur mai ashana. "Bari, kofur. Gidan makoki ne, yanzu mutane za su cika wurin." Ya juyo ga Celina, fuska ba walwala. "Ni ba na kai gawa kotu. Ku share bakin gidaje yau. Bayan sadakar arba'in zan dawo, in na tarar da ita a tsaye, ke zan kama, ba kowa ba."

"Na yarda, oga."

Kafin motar ta juya ta riga ta yi lissafi a ranta. Kafin arba'in iri ya nuna ya zube, iska ta kai shi inda za ta kai. Wani daɗi ya taso mata, kunya ta biyo bayansa nan take, don mutuwar mutum ce ta sayo wa ciyawarsa kwanakin. Ta durƙusa a wurin ta fashe da kuka.

A ɗaki ta tarar an rufe shi da mayafin. Saratu ta kama hannunta mai jini ta riƙe.

"Yana ta saurare," ta ce. "Da addunan suka yi shiru sai ya ce, 'Sun daina?' Na ce sun daina, Baba. Ya ce, 'To wani ya ƙulla.' Sai ya yi kalmar shahada."

Kafin azahar 'yan'uwa da abokan sana'arsa sun iso daga Makera da Nasarawa. Da zanar da ya saƙa da hannunsa aka kare inda aka yi masa wanka. Da masu haƙar kabari suka aiko a kawo ciyawar da za a shimfiɗa a kan itace kafin a mayar da ƙasa, Sylvanus ne ya tashi. Ya je ya zaɓo daga wadda ya sare da safe, inda fetur bai taɓa ba, ya ɗaura dami ya ɗora a ka, ya bi bayan makara. Duk yinin nan bai ce wa matarsa ko ci kanki ba. Da ya dawo ma bai shigo gida ba, abincinsa ya huce a rufe.

Da la'asar sakaliya, masu gaisuwa sun ragu, Celina ta tuna ɗankwalinta ya faɗi a filin. Ta zagaya ta bayan katanga. Warin fetur bai gama bajewa ba. Ta tsinci ɗankwalin a gindin ƙullinta na ƙarshe, ta kakkaɓe, ta ɗago kai.

Daga inda nata suka tsaya, wasu ƙulle-ƙullen sun ci gaba, manya, an ja su da ƙarfi, sun bi bakin ciyawar har can sama inda jar ƙasa ta fara. Ta kama ɗaya ta duba. Murɗin ta hagu aka yi shi.