Filin Gaban Gidan Madugu

A shekarun da arzikin uranium ya buɗe, kamiyoyin Arlit, wato manyan motocin kaya, na keta Agadez ba dare ba rana, hukuma ta ce a gyara filin da ke gaban gidan madugu. Tsohon bene ne na ƙasa, tun zamanin da ayarin gishiri ke sauka nan, kuma Turawan kamfanin ma'adinai sun fara tsayawa suna ɗaukar hoton ƙofarsa mai sassaƙa. Aka ba Ɗahiru aikin, wani ɗan Damagaram da ya karanto tsara lambuna a Yamai.

Ɗahiru ya ƙwallafa rai a kan ƙofar nan. Ya zana hanya miƙaƙƙiya ta jan dutse daga titi har bakinta, dabino dama da hagu, kujerun siminti a ƙarƙashin bagaruwa, yadda duk inda mutum ya zauna ƙofar zai fuskanta.

Amma gidan da mai shi. Dassin ce, jikar madugun, tsohuwa mai garken awaki, wadda ita da matan unguwa ke sayar wa direbobi abinci a filin. Ba wanda ya shawarce ta. Sai dai ta wayi gari ta ga an kori kamiyoyin, an ture murhunan mata, wani saurayi yana jan igiya daga dokin ƙofarta.

Ta ce, “Wa ya ba ka izinin auna mini ƙofa?”

Ɗahiru ya ce, “Inna, filin na hukuma ne. Gyara shi za mu yi, kowa ya ji daɗi.”

“Ban haife ka ba. Kar ka ƙara ce mini inna.”

Ranar da aka dasa dabinon, da yamma ta saki awakinta a kai. Ɗahiru ya kewaye shukar da waya, aka yanke wayar. Ya je ya same ta a zaure tana tankaɗe, ya ce zai nema wa matan wuri a bayan tasha. Ta ce masa can bayan tashar ya kai uwarsa. Ya fito ya wuce kai tsaye wurin kumandan, shugaban hukumar gari.

Washegari ƴan gardi, dakarun kumandan, suka kwashe awakin suka kulle a dangar hukuma. Cikinsu akwai wata ja mai tsohon ciki. Da aka sako su bayan kwanaki, babu ita, ƙishirwa ta kashe ta.

Abin ya tsaya wa Ɗahiru a rai, don bai nufi haka ba. Ya sayo akuya a kasuwa ya aika mata. Da safe ya tarar da akuyar ɗaure a gindin dabino mafi kusa da ƙofa, ta cinye ganyen tas. Daga nan bai sake gaishe ta ba. Ya sa aka kafa kujera daidai inda take ɗora tukunya, kuma ya tsaya a kai har simintin ya bushe.

Ana saura mako a buɗe filin, Dassin ta kira magina. Suka ciro ƙofar suka shigar da ita cikin gida, suka toshe gurbin da tubali, suka yaɓe shi sumul. Suka huda wata ƴar ƙaramar ƙofa ta baya, wajen lungun mahauta.

Ɗahiru ya zagaya ya tsaya a bakin sabuwar ƙofar, ba a ce masa ya shigo ba.

Ya ce, “Hajiya, hanyar nan gaba ɗaya don ƙofar aka yi ta. Ko na yini ɗaya ne, a mayar da ita.”

Dassin ta amsa daga ciki, “Fili na hukuma ne, kai ka faɗa. Bango nawa ne.”

Ya koma ya roƙi kumandan ya sa a fasa bangon. Kumandan ya ce dattawan gari sun riga shi zuwa, shi kuwa ba zai rushe bangon tsohuwa saboda hoto ba.

Haka aka yi bikin. Manyan baƙi suka tako hanyar jan dutsen a jere, suka iske bango, suka ɗan tsaya, suka juyo. Wani Bature ya tambayi Ɗahiru ko da gangan aka yi hakan. Matan unguwa ko ɗaya ba ta zo ba.

Kafin damina aka tura shi Arlit ya shuka itatuwa a unguwar ma'aikatan kamfani. Can ya yi aure, can ya zauna. Bayan shekaru wani direba mai suna Intala ya kawo masa labarin rasuwar Dassin. Ɗahiru ya ce Allah ya jiƙanta, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Intala ya ce gobe zai koma Agadez, in yana son zuwa gaisuwa akwai wuri a gaba. Ɗahiru ya ce yana da ban ruwa.