Peleti a Ƙarƙashin Tabarma

Rana ta take tsaka, amma Peleti na nan durƙushe a ƙofar gidan Lauina, babban mai sarautar ƙauyen, lulluɓe da tabarmar neman gafara. Tun asuba yake wurin. Haka muke yi a Samoa: mai laifi ya rufa ya jira, har wanda ya ɓata wa ya fito ya yaye tabarmar da hannunsa.

Siniva maƙwabciyarsa, mai sayar da gwaza a kasuwar Apia, tana zaune a bayansa tana korar ƙuda.

"Ranka ya daɗe, ɗan majalisa, kana nan dai?"

"Yi min shiru, Siniva," ya ce daga ciki. "Ladabi nake yi."

"Yau kuma? Da ka koye shi tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ai da yanzu muna inuwa."

Gaskiyarta ce. Peleti akanta ne a wani kamfanin jiragen ruwa kafin 'yan ƙauyensu su tura shi majalisa, wai mai ƙirga kuɗin wasu zai iya kawo musu nasu. Ya kuwa kawo, na katangar tare teku. Sai kuma halinsa na akanta ya motsa, ya ɗauki igiyar awo ya bi bakin ruwa. An biya kuɗin mita ɗari uku, an gina tamanin. Ya tashi a taron dattawa ya karanta lissafin, har da sunan Lauina cikin waɗanda suka ci kuɗin. Ranar aka kore shi daga ƙauyen, zaɓe na zuwa kujerar ma ta tafi. Ya kama haya a birnin Apia kusa da Siniva, ya bar kabarin matarsa Sieni a ƙofar gidansu na ƙauye.

Yanzu likita ya ce kwanakinsa sun ƙare, shi kuwa ba ya son komai sai a kwantar da shi kusa da Sieni. Korarre kuma ba ya komawa, ko a cikin akwatin gawa.

"Siniva," ya ce, muryar ta yi ƙasa, "ni fa lissafina daidai ne."

"Na sani. Riƙe shi a cikinka."

Mutane suka cika inuwar bishiyoyi suna kallo. Wajen ƙarfe uku Siniva ta lura gefen tabarmar ya daina motsi. Ta zura hannu ta ƙasa ta kama ƙafarsa, ta matsa, ta sake matsawa. Rai ya riga ya yi halinsa. Ta san Lauina sarai. In ya ji gawa ce, zai ce ba ya sulhu da wanda ba ya ji.

Sai ta gyara zama ta ɗaga murya.

"Wai ƙishirwa! Wa ya aike ka auna katanga? Jure, tsoho, jure!"

Haka ta yi ta yi masa tsiya, tana ɗan dakatawa kamar mai jin amsa, har wasu mata suka fara dariya. Inuwa ta yi tsawo kafin Lauina ya fito yana dogara sanda. Ya daɗe tsaye a kansa. Sannan ya sunkuya ya yaye tabarmar.

"Tashi, ɗana. Ƙauye naka ne."

Peleti bai tashi ba. Goshinsa na ƙasa, tabaransa ya zame cikin yashi. Lauina ya dubi gawar, ya dubi tabarmar da ke hannunsa, ya juyo ga Siniva.

"Ai ka riga ka yaye, Baba," ta ce. "Kowa ya gani."

Washegari da safe aka fara haƙa kusa da Sieni. Siniva ta zauna a kan dutsen ƙarshe na katangar, tana goge yashin tabaran da bakin zanenta. Teku na shigowa a hankali ta inda ginin ya tsaya.