Jar Masara a Hular Mai Unguwa

…bakwai ne dai, ko? Shida farare, ɗaya ja. Na sake zuba ƙwayoyin masarar a ƙoƙo, na rufe ido. Na sa hannu, Mu'azu. Ka ga abin da uwarka ta koma yi?

Fara. Na ajiye ta gefe. Ba a mayarwa, haka ka ce. Wai a littafinka na lissafi jaka ce da ƙwallaye, a ciro ɗaya, ba a mayar ba, a sake cirowa. Ka ɗebo mini masarar iri kana gwadawa a kan tabarma, ina ta faɗa, abinci ne fa, ba abin wasa ba. Kana dariya. Inna, ai tambayar nan ba shekarar da ba ta fitowa…

Jarrabawar jibi ce. Alhamis. Rigarka na kan igiya, ta bushe tun shekaranjiya, na kasa ɗaukewa.

Fara kuma. Saura biyar.

Mutanen daji suka aiko, a ba su saurayi ɗaya ya kora musu shanu, kwana uku ya dawo. In an ƙi, ba mai girbi bana. Ku bakwai kuka tsaya a gindin tsamiya. Mai unguwa ya tuɓe hularsa ya zuba masara, wanda ya ciro ja shi zai tafi. Kai ne a gaba. A gaba kake, Mu'azu! Ni na kama maka hannun riga — ni, ba kowa ba — na ce koma baya, bari su fara ɗiba, wani zai ɗauke ta kafin a zo kanka.

Inna, duk ɗaya ne. Na farko da na ƙarshe, ɗaya cikin bakwai ne.

Na ce ni na haife ka ko littafi? Sai ka koma can ƙarshe.

Ɗan Ladi, fara. Hamza, fara. Allah ya yafe mini, roƙo nake ta faɗa wa ɗan wata. Ladi kuwa da muke daka a turmi ɗaya…

Saura huɗu. A'a, uku. Yaushe na ciro wannan?

Jiya malaminku, Malam Andrawus, ya zo a babur da takardar shiga jarrabawa, hotonka a jiki. Ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Shida bisa bakwai, biyar bisa shida, haka, haka… wai lambobin cinye juna suke, ɗaya cikin bakwai ke ragewa. Ya ce, Maman Mu'azu, ba ke ba ce. To, Malam. Na gode, Malam. Ni a aji uku na tsaya. Abin da na gani dai, mutum shida sun buɗe hannu, duk farare. Ƙwaya ɗaya ta rage a hula. Ɗaya cikin ɗaya. Wane lissafi ne zai cinye wannan? Ko hannu ba ka sa ba, mai unguwa kifar da hular kawai ya yi a tafinka.

Kwana uku suka ce. Yau tara.

Tun hantsi nake gwadawa. Ɗazu jar ce ta fara fitowa, cirowar farko! Na ji sanyi a ƙirji, wai ashe ko a gaban ka tsaya… Sanyi, Mu'azu. Wace irin uwa ce ke jin sanyi da wannan? Na sake zubawa, sai ta laɓe har ƙarshe.

Amma tsaya. Kai ka san duk ɗaya ne. Ka sani sarai, ba ka tsoron gaba, ba ka tsoron baya. To me ya mai da kai baya? Ba don… don kada raina ya ɓaci ba ne? Ka dube ni da jar a tafinka, ka ce, Inna, ki ajiye mini littafin, kada kaji su hau.

Yana nan. Ba su hau ba.

Saura biyu a ƙoƙo. Yatsuna na kansu, duk biyun santsi ɗaya, girma ɗaya. Wacce zan… Bari in ɗan huta. In dai ban ciro ba, ai ba a zo kanka ba tukuna.