Ƙodar Duna da ta Malam Dogara

"Yaya Larai! Yaya Larai, zo ki gani kafin ya huce!"

Ina cikin tankaɗe na ji Malam Dogara yana ƙwala mini kira ta kan katanga. Na yar da rariya na fita ko mayafi ban gyara ba, don na ɗauka faɗuwa ya yi. Wata huɗu ke nan yana jinya, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Na same shi a bakin ƙofar ɗakinsa, ga aci-balbal tana ci a gabansa da rana tsaka. Ya ɗaga wasu siraran kwalabe biyu yana dariya.

"Me kika gani?"

"Ruwa ne ya yi fari-fari, kamar an ɗiga nono."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"Allahu akbar! Wannan fitsarina ne. Wannan kuma na Duna. Na tafasa su, na ɗiga ruwan tsami, kin ga yadda suka yi iri ɗaya!"

Matarsa Barira ta leƙo daga madafi da muciya a hannu. "Kin dai ji da kunnenki, Yaya. Fitsarin kare a cikin gidana, a unguwar Limancin Kona, a tsakiyar malamai! Wallahi Malam sai ka sa an daina cin tuwonmu."

Malam Dogara bai wuce elementare ba, amma ya shekara ashirin da biyu yana aikin gwaje-gwaje wajen likitocin dabbobi, ƙarshe a Samaru, har ciwo ya ajiye shi a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Duna kuwa baƙin kare ne da ke gadin garkarsa can gindin ganuwa, bai taɓa shigowa gida ba. Ni ungozoma ce, babu abin jikin ɗan Adam da ban gani ba, shi ya sa ya mai da ni mai shaida.

"Zauna in gaya miki," in ji shi. "Ƙoda rariya ce, irin taki. Tana tace jini, datti ya fita, abin amfani ya zauna. To tawa ta yage, likitan asibiti ya faɗa mini. Abin da ya kamata ya gina jiki yana zuba cikin fitsari, shi ne farin nan da kika gani. Ran Juma'a ƙanena Zailani ya ce fitsarin Duna na kumfa kamar sabulu. Na ce nawa ma haka yake! Na ce ya taro mini."

Tun daga ranar gidan ya canza. Kullum da hantsi Zailani zai zo daga garka da 'yar kwalba a naɗe cikin ganye, Malam ya tafasa, ya rubuta a wani littafin makaranta. Mutumin da da ko magana ba ya son yi, sai ga shi yana jiran wayewar gari.

"Amma duba abin mamaki," ya ce mini wata rana. "Ni na kumbura, shi ya rame! Ciwo ɗaya, kowa da yadda ya kama shi. Ni ina zargin zazzaɓin sauro da ya daɗe a jikina. Shi kuma kaska ce ta cika masa kunne. Ban tabbata ba fa, zato nake. Kai, da ina da ƙafa!"

Barira ba ta dariya. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Yaya, ba najasar ce ke damuna ba. Karen nan ya daina cin abinci. Malam ya sa a ransa hanyarsu ɗaya. Ran da karen ya mutu, me zan ce masa?"

Ba ita ta faɗa masa ba kuwa, don Zailani ne ya shigo da labarin mutuwar Duna wata Talata, ya tsaya yana murza hula. Malam ya dube shi sau ɗaya ya gane.

"Yaushe?"

"Yanzu da safen nan, Yaya."

"To me kake jira? Maza, kada rana ta taɓa shi! Naɗe shi a buhu, hau keke, ka kai wa Dokta Walter a Samaru. Ka ce Dogara na roƙo a yanko ƙodar a duba. Ka ce ina so in gani da idona!"

Sai da ƙarar keken ta ɓace sannan ya juya fuska wajen bango. Na ga kafaɗarsa na motsi, na ja Barira muka fita.

Kwana tara muna jira. Jikin Malam ya rikice, ga amai, ga shaƙuwa, idanunsa suka kumbura har suka kusa rufewa. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ce, "Shi ne?"

Ran Alhamis aka yi sallamar. Dokta Walter mutumin Wusasa ne, tun yana ɗalibi Malam ya koya masa riƙe kwalbar gwaji. Ya bar motarsa a Ƙofar Kona ya tako da ƙafa, rungume da akwatin katako, duk ya yi gumi.

"Baba, na kawo maka. Amma madubin nan sai da hasken rana."

"A fitar da ni! Zailani, kama gadon!"

Aka ɗauko shi da gadon gaba ɗaya zuwa tsakar gida. Dokta ya kifa turmi ya ɗora madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa a kai, ya zura wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankin ƙodar Duna, ya juya, ya juya. Malam ya sunkuya, amma idon ya ƙi buɗuwa. Ba wanda ya ce mata komai, Barira ta matso ta sa yatsa biyu ta ɗaga masa fatar idon.

Malam ya leƙa. Sai ya yi wata irin ƙara.

"Ga su! Ga 'yan rariyoyin! Walter, dubi yadda bangonsu ya yi kauri!"

Dokta ya buɗe wani babban littafi ya nuna masa hoto. "Wannan ta mutum ce, Baba, mai irin ciwonka. Ba daidai suke ƙwarai ba, amma sun yi kama sosai. Abin da ka hango da fitila, shi ne."

Malam ya dubi hoton, ya koma madubi, ya sake duban hoton, yana dariya hawaye na zuba. "Barira, zo ki leƙa. Don Allah."

"Ni? Ƙodar kare?"

Ta leƙa dai. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kamar an dunƙule jan zare," ta ce a hankali. "Ashe haka cikinka yake, Malam."

Ya miƙa wa Dokta littafinsa na makaranta ya ce ya ba ɗalibai, wataƙila wani ya ƙarasa. Da aka zo mai da shi ɗaki ya ƙi, ya ce ya gaji da duhu. Aka kafa masa rumfar zana a wurin.

A nan ya cika ran Asabar da hantsi, Zailani na laƙƙana masa kalmar shahada. Ni na rufe masa ido. An yi jana'iza bayan azahar. Dokta Walter ya zo, ya tsaya gindin durumi da hularsa a hannu har aka watse.

Washegari na shiga da koko, na tarar an ɗauke gadon. Barira na shara. Ta share tsakar gidan tas, sai gurbin ƙafafun gadon guda huɗu da suka nutse a ƙasa. Ta kewaye su da tsintsiya ta wuce.