Baƙar Lakar Bayan Tasha

Hantsi ya dubi ludayi, gari ya lumshe bayan ruwan asuba, Halliru na tsugune a gonarsa yana duban geron da ya shuka. Kawu Ilu ne ya yankar masa gonar nan da ya yi aure, kuma bana ce daminar farko da zai ci da gidansa da gumin kansa. A gonakin maƙwabta gero ya miƙe kore shar. Nasa kuwa ya tsaya rawaya, bakin ganyen a ƙone. Ya tumɓuke guda, sai ga saiwa 'yar guntuwa kamar an babbake ta.

Abin da ya ɗaure masa kai, babu wanda ya kai shi zuba taki. A Maigatari in rani ya ƙafar da kududdufi, manoma kan kwashi lakar ƙasansa su kai gona, kuma kowa ya san wadda ta fi baƙi ita ta fi ƙarfi. Halliru ya samo baƙa wuluk a kududdufin bayan tashar mota, ya cinye rani yana jigilarta a mangala.

Ya ƙulle ɗan curin lakar a gefen riga ya nufi tasha, wurin Cindo mai gyaran batirin manyan motocin da ke ƙetarawa Damagaram.

"Ango, tsaraba ka ƙullo mana?" in ji Cindo.

"Lakar bayanku ce. Ta cinye mini gero."

Cindo ya daina dariya, ya nuna wandonsa, duk ya ɓuɓɓule. "Ka ga aikin ruwan batir. Can muke tuttular da shi, can muke zubar da kashin darma in mun narka. Haba Halliru, ai da ka tambaya! Ruwan ma da sauƙi, damina za ta wanke shi. Darma kuwa ba ta ruɓewa. Jikanka zai tarar da ita."

Da Kawu Ilu ya ji, ya ce a huɗe lakar ta shige ƙasa, a sake shuka, kada damina ta wuce.

Halliru ya sunkuyar da kai. "Kawu, lafiya lau ka ba ni gonar nan. Ba zan binne mata cuta ba."

Lakar tana nan a sama, ba a riga an huɗe ta ba. Ya sa fartanya ya dinga kankare ta har sai jan yashi ya bayyana, yana labta wa jaki, yana kaiwa daji, wani fako mai nisa da ko ciyawa ba ta fita, yana binnewa. Masu noman farko suka samu abin nishaɗi.

"Jama'a, ku zo ku ga mai kwashe taki daga gona!" in ji Dogo maƙwabcinsa. "Halliru, dajin ne ya aike ka?"

"Shi ne, Dogo. Ya ce in gaishe ka."

Matarsa Safara'u ta dinga tara masa kashin awaki da tokar murhu. Lokacin gero ya wuce, sai ya shuka wake. Waken ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, ya zuba 'ya'ya. Ran da Kawu Ilu ya zo ya zaga gonar, ya ɓare kwanso ɗaya, ya daɗe yana juya ƙwayoyin a tafinsa. Dogo na wucewa, Kawu ya kira shi.

"Kai Dogo, zo ka ga gonar ɗana."

Halliru ya juya yana gyara igiyar jaki da ba ta buƙatar gyara.

Bayan kaka, ruwan kududdufi ya ja baya. Halliru na koro jakin da takin awaki ta bayan tasha, ya tarar da tsohuwa Kande tana cika ƙwarya da lakar nan, za ta kai wa kuɓewarta ta bayan ɗaki.

"Iya, wannan tana kashe shuka. Kawo."

Ya juye ƙwaryar, ya goge ta da yashi, ya cika ta daga mangalarsa, ya aza mata a ka.

"Wannan ai bai yi baƙi ba," in ji Kande, ta kama hanya tana mita.